Ƙafar Rago ta Huɗu

Mavis Holroyd yayar mijina ce, kuma shekara ashirin da uku muka yi kafaɗa da kafaɗa a kicin ɗin babbar makarantar garinmu, tana zuba wa yara dankali ina bi da romo. Saboda haka in na ce na san ta, ba da ka nake magana ba. Gajeruwar mace ce mai taurin kai, ba ta iya doguwar gaisuwa ba, kuma rigar mutum take fara kallo kafin fuskarsa. Ranar da mijina Derek ya kai ni gidansu don a gan ni, ko sannu ba ta ce ba sai da ta kama hannun rigata ta juya cikinsa waje. Ta ce, "Wa ya yi miki wannan ɗinkin? Ki koma ya ba ki kuɗinki." Ni na ɗinka abata da hannuna. Sai da na yi shekara biyu kafin na yafe mata.

Daga baya na gane ba wulaƙanci ba ne, sana'a ce ta bi jiki. Tana da shekara sha biyar ta shiga masaƙar ulu ta bakin kogi, aka sa ta a ɗakin masu gyara. In an gama saƙa yadi, su ake shimfiɗa wa a kan tebur gaban taga, su bi shi da ido da tafin hannu. Inda zare ya tsinke ko inji ya tsallake, sai su ɗauki allura su mayar da shi, zare bisa zare, har wanda ya saƙa ma ya kasa nuna wurin. Masu gyara su ne 'yan gayun masaƙa. Da takalmi mai tsini suke zuwa aiki, kuma ba sa zama kujera ɗaya da masu saƙa a bas. Shekara ashirin da biyar Mavis ta yi a wannan ɗakin kafin a rufe masaƙar, a mayar da ita gidajen haya masu tsada. Daga nan ne ta dawo kicin, ta tarar da ni.

Akwai abu ɗaya da sau ɗaya tak ta taɓa gaya mini, muna yankan albasa. Tana da shekara sha ɗaya ta ci jarrabawar shiga makarantar 'yan mata ta cikin birni, ita kaɗai a layinsu. Wasiƙa ta zo da jerin kayan da za a saya: kwat, hula, siket biyu, takalmin waje da na cikin aji, duk daga kanti ɗaya. Babansu ya karanta har ƙasa, ya ninke takardar, ya cusa ta bayan agogon bango. Ba wanda ya ƙara tayar da maganar, ita ma ba ta tambaya ba. Da ta gama ba ni labarin sai ta ce albasar bana ta cika yaji, ta ci gaba da yanka.

A bayan kicin akwai wani ƙaramin ɗaki na ajiye tsintsiya da bokiti. Shi Mavis ta ƙwace. Duk ƙarshen shekara, yaran da suka gama makaranta sukan jefa mata kwat ɗinsu a can, wasu gwiwar hannu ta huje, wasu aljihu ya cika da tawada. Ta wanke, ta gyara, ta farke ƙyallen sunan da ke wuya, ta ɗinka sunan sabon mai shi. Uwa takan zo ta ƙofar baya kamar ta zo karɓar kwanon da ɗanta ya manta, ta fita da leda. Ba takarda, ba sa hannu, ba godiya a gaban mutane. Ko ni da nake wurin kullum, Mavis ba ta yarda in faɗi sunan gida ɗaya ba, ko ga Derek. Rufin asiri take yi, kuma ta fi kowa sanin cewa in aka ji ƙarar rufin, to ba a rufe ba.

Ni mai son yunifom ce, kada a ji ni ba daidai ba. In ka tsaya bayan teburin abinci ka ga yara ɗari shida cikin shuɗi iri ɗaya, ɗan likita da ɗan mai share titi suna rigima kan wa ya fi samun babban yanki, wallahi abin yana da daɗin gani. Da Mista Pennock ya zo a matsayin sabon hedimasta, shi ma haka yake cewa, kuma har ransa yake faɗa. Ba mugu ba ne. Mutum ne dai wanda bai taɓa tsayawa a kanti yana mayar da kaya saboda kuɗi ba su kai ba.

A watan Yuli na shekararsa ta farko ya aika wa iyaye wasiƙa. Launin kwat bai canza ba, yadin ma shi ne. Tambarin makaranta ne ya canza. Da ana sayen tambarin daban a kan fam uku, uwa ta liƙa shi a aljihu da zare. Yanzu sabon tambari ne, rago mai ruwan zinariya tsaye a kan koren tudu, kuma a jikin yadin aljihun aka saƙa shi da inji. Kanti ɗaya ke sayarwa, fam arba'in da takwas. Duk yaron da ya zo ranar buɗe makaranta ba da shi ba, za a tsayar da shi a bakin ƙofa, a kai shi ɗakin keɓewa ya wuni shi kaɗai, kullum, har iyayensa su saya.

Kwat talatin da bakwai ne rataye a ɗakin tsintsiya a lokacin, kowanne da sunan yaro a wuyansa.

Mavis ta cire hular kicin, ta wuce ofishin Mista Pennock, na bi ta don kada ta faɗi abin da za a kore mu.

Ya ce, "Misis Holroyd, ai na tanadi taimako. Duk wanda ba shi da hali ya zo ofis ya cika fom."

Ta ce, "Fom. A ofishin nan mai gilashi, da duk wanda ya wuce yake leƙawa?"

"Ba abin kunya ba ne."

"Ga wanda bai taɓa cikawa ba. Yallaɓai, mutanen garin nan sun gwammace su ci burodi gaya wata guda da su tsaya a wannan layin."

Ya ce doka doka ce, in ya sassauta wa ɗaya ya sassauta wa kowa. Mavis ta kalli maɓallin rigarsa da ke lilo. Sai ta ce, "Ranar buɗewa, takardar kanti za ka duba ko kwat?"

Ya ɗan yi dariya. "Kwat mana. In tambarin yana jikin aljihu yadda ya kamata, ina ruwana da takarda?"

Ta ce, "To, na ji. Glenda, ke ma kin ji ko?"

Na ce na ji.

Washegari ta shiga bas zuwa birni, ta sayo kwat ɗaya daga kantin, ta rataye shi a jikin ƙofar falonta don ya zama abin koyi. Muka kwashe sauran a motar Derek muka kai gidan. Hutun bazara mako shida ne. Ta jawo tebur gaban tagar da ke kallon arewa, wai hasken can ba ya ƙarya. Kowane kwat sai ta cire aljihun, ta ɗaure yadin a zoben katako, ta saƙa rago da tudunsa da hannu, sannan ta mayar da aljihun ta bin ramukan ɗinkinsa na asali. Aljihu ɗaya kan ci mata wuni guda, wani lokaci ta kama na biyu kafin rana ta yi sanyi. Tana da shekara sittin da uku a lokacin, yatsunta sun fara kumbura da safe. Aikina dafa shayi, guga, da zura mata zare, shi ma sai ta ce na yanke shi da tsawo.

Na ce mata wata rana, "Mavis, ki bari in yi miki ko da ciyawar tudun ce mana."

Ta ce, "Allah ya kiyaye. Ciyawa muke so, ba tabarma ba."

Saura kwana takwas a buɗe makaranta ta gama. Ɗaya ma har an karɓa, domin Carly Broadbent ta zo da wuri ta ɗauki na 'yarta Tegan, za su tafi bakin teku wurin kakar yarinyar har ƙarshen hutu. Sauran talatin da shida suna jere a falo, a kan kujeru da igiyar shanya, sun sha guga. Ban taɓa ganin aiki mai kyau irinsa ba, kuma na gaya mata. Sai ta yanka mini kek babba.

Da la'asar Derek ya zo ɗaukata. Shekara arba'in ya yi yana sana'ar fawa, ba abin da ya sani game da ɗinki, amma in ya ga dabba sai ya ƙirga ta. Ya tsaya gaban kwat ɗin kanti da kofin shayi a hannu, ya karkata kai.

Ya ce, "Kai, wannan ragon an riga an sayar da cinyarsa ɗaya."

Na ce, "Me kake cewa?"

"Ƙafa uku gare shi. Duba. Inda ta huɗun za ta fito, wani dunƙulen zare ne kawai kamar kashin kaza." Ya juya ga na Mavis. "Yawwa, ga rago na gaskiya. Wannan zan iya sayensa. Yaya, kin fi su iyawa."

Mavis ta ce, "Ai tun ranar farko na gani. Injinsu ne ya harɗe a ƙafar baya. Sai na gyara."

Ta faɗe shi ne kamar mai cewa ta share tsakar gida. Ba shawara ta yi da kanta ba, ba ta ma ɗauke shi a bakin komai ba. Shekara ashirin da biyar ana biyanta don ta ga aibi ta cire shi, hannunta ya ga aibi ya cire. Hali zanen dutse.

Na ce, "Mavis. Na kantin duk haka suke?"

"Duk inji ɗaya ne, ai dole."

"To yara ɗari biyar da wani abu za su zo da rago mai ƙafa uku. Talatin da bakwai kuma..."

Ban ƙarasa ba. Ta ajiye wuƙar kek. Ta kalli falon daga wannan bango zuwa wancan, fuskarta ta yi fari.

Derek ya ce, "Haba, wa zai tsaya ƙirga ƙafar rago?"

Ta ce, "Kai ba ka ƙirga ba? Kai da ko maɓalli ba ka iya sawa ba? Yara wuni ɗaya ya ishe su. Kafin a tashi cin abinci sun raɗa musu suna. 'Yan ƙafa huɗu. Da shi za su gama makaranta, da shi za a kira su a wurin aurensu." Ta zauna a hannun kujera. "Da hannuna na yi musu lamba."

Garin gyaran gira za a rasa ido. Na ji haushinta a ranar, ba zan ɓoye ba, har na ce mata da ta bar girman kai ta kwafi abin da ta gani da yanzu muna hutawa. Ba ta rama ba, abin da bai taɓa faruwa ba tun da na san ta. Sai na ji kunyar bakina.

Da safe na tarar ta riga ta farke ƙafa ɗaya. Farkewar ba ta ba ta wuya ba. Dunƙulen ne ya gagare ta. Sau huɗu tana gwadawa a kan ƙyalle, duk wanda ta yi sai ya fito a tsare, zare kwance bisa zare, kamar fure. Ta yi tsaki ta jefar. Can sai ta ɗago ta dube ni ta saman tabarau.

"Glenda, zo nan. Yau ranarki ce."

"Ranata ta me?"

"Duk garin nan ba wanda ya kai ki iya ɗinki mummuna. Karɓi allura. Kada ki yi ƙoƙari, ki yi yadda kika saba."

Na ce, "Allah ya isa, Mavis." Amma na karɓa. Na caka allura nan da can, na ja zare ya harɗe, na ɗaure. Ta kai shi kusa da na kanti, ta duba ta duba. Ta ce, "Ikon Allah. Kamar ke kika haifi injin." Shi ne yabo na farko da na samu daga gare ta a kan ɗinki, kuma na ƙarshe.

Haka muka yi kwana biyar, tana farke ƙafafu ina dasa dunƙule. Duk ƙafar da za ta cire sai ta ɗan tsaya tana kallonta, domin har kofato ta yi musu, da ɗan tsagi a tsakiya. Ba ta yi ƙorafi ba ko sau ɗaya. Ranar Asabar iyaye mata suka bi ta ƙofar baya ɗaya bayan ɗaya, kowacce ta fita da ledarta, ba wadda ta san an taɓa yin wata ƙafa.

Saura na Tegan. Wayar Carly a kashe, gidansu a kulle. Maƙwabciyarta ta ce sai daren Litinin za su dawo, makaranta kuma Talata.

Ranar Talata, ƙarfe takwas saura, muna tsaye a tashar bas da ke gangaren makaranta, ana yayyafi irin na garinmu wanda ba ya jiƙa ka sai ka isa inda za ka. Daga nan muna hango Mista Pennock a bakin ƙofa da lema, yana duba yara ɗaya ɗaya. Bas na farko ya zo babu ita. Na biyu ya zo, sai ga ta ta sauko, 'yar shekara sha ɗaya, ranarta ta farko a babbar makaranta. Kwat ɗin ya rufe mata yatsu, haka muke yi a nan, a ba yaro babba ya girma a ciki. Ragon yana ƙirjinta da ƙafafunsa huɗu cif.

Mavis ta ce, "Tegan Broadbent? Zo nan, 'yata. Zare ya fito a aljihunki."

Ta ja ta bayan rumfar tashar, inda ba a gani. Na buɗe lema na kare su. Cikin minti ɗaya ta farke ƙafar, yarinyar tana sanye da kwat ɗin, ta miƙo mini allura. Sai a lokacin na shafa aljihuna na ji wayam. Na bar tabarau a kan teburin kicin. In ba shi, ko ramin hanci ba na gani, balle aljihu a ƙirjin 'yar mutane.

Na ce, "Mavis, ba zan iya ba. Zan soke ta."

"Ke dai ba ki da rana."

Aka kaɗa ƙararrawa ta farko. Mavis ta kalli allurar, ta kalli aljihun. Sai ta mayar da allurar hannun hagu, wanda bai iya ɗinki ba, ta cusa na dama a cikin aljihun don ya tare tsini, ta cije leɓe ta shiga caka. Ta soki yatsanta sau biyu, na ga ta ɗan zabura. Ta ja zare da ƙarfi har yadin ya tattare, ta ƙulle, ta yanke da haƙori. Abin ya fito mummuna sosai, har ya fi nawa.

Tegan ta sunkuyar da kai ta duba. Ta ce, "Misis Holroyd, kin ɓata shi. Da ya fi kyau."

Mavis ta ce, "Na sani, 'yata. Maza wuce, kada ki makara."

Muka bi bayanta a hankali. A bakin ƙofa Mista Pennock ya dube ta daga sama har ƙasa, ya ce ta cusa rigarta a siket, ya yi mata alama ta shige. Ta ruga ta shiga cikin sauran. Ɗakin keɓewa ya karɓi yara biyu a ranar, ɗaya don farin takalmi, ɗaya don ya rina gashinsa kore. Ba ko ɗaya saboda kwat.

Da muka zo wucewa, Mista Pennock ya ɗaga mana lemarsa, fuskarsa cike da murna.

Ya ce, "Misis Holroyd, kin gani? Kowa da nasa, ba wanda ya fita daban. Fom uku kacal aka cika. Ai na gaya miki iyaye za su iya in an dage."

Na buɗe baki. Mako shida na cikin bakina, da kumburin yatsu, da ƙafafu talatin da bakwai. Mavis ta taka mini ƙafa da dukan nauyinta.

Ta ce, "Ka gaya mini, yallaɓai. Sun yi ƙoƙari."

Har ya bar makarantar bayan shekara tara, yana ba da labarin nan a taron iyaye, yadda garinmu ya tashi tsaye a shekararsa ta farko. Sau uku ina zaune a wurin, Mavis tana gefena tana tafa masa. Na yi alfahari da mutane a rayuwata, da 'ya'yana, da mijina wani lokaci, amma ban taɓa jin irin wanda na ji a bakin ƙofar nan ba, ina ɗingishi a bayan wannan gajeruwar mata mai baƙar magana. Muka shiga kicin, ta naɗe yatsanta da filasta, ta ce in daina kallonta in ɗora ruwan dankali.